Yadda ake hasashen wanda zai lashe zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a Amurka

Da zarar an gama babban zaɓe a Amurka, tun ƙura ba ta lafa ba, sai a fara tambaya: idan wane da wane suka kara a zaɓen fidda gwani mai zuwa, wa zai kayar da wani? Mafi yawan masu amsawa sukan dubi wanda ya fi suna ko wanda ransu ya fi kwantawa da shi, su yanke hukunci nan take. Wannan son rai ne kawai. A Amurka tikitin takara yana zuwa hannun wanda ya tara fiye da rabin daliget na jam'iyyarsa, kuma jiha-jiha ake tara su, cikin watanni biyar ko shida, bisa dokokin da suka sha bamban daga wannan jiha zuwa waccan. Duk mai son hasashensa ya yi nauyi, to ya ɗauki takarda da biro ya bi waɗannan matakai.

Mataki na farko: tsayar da tambayar da kyau

Ka rubuta jam'iyyar da ake magana a kai, da shekarar zaɓen, da sunayen masu karawar. Democrat da Republican ba hanya ɗaya suke bi ba, kuma mutumin da zai ci karensa ba babbaka a shekara kaza yana iya shan ƙasa bayan shekara huɗu. Sannan ka tabbatar duka biyun sun cancanci tsayawa. Kundin tsarin mulki ya ce sai wanda ya kai shekara 35, wanda ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa, wanda kuma ya zauna a ƙasar shekara 14. Gyaran fuska na 22 ya hana a zaɓi mutum ɗaya fiye da sau biyu. Shi ya sa duk farin jinin Arnold Schwarzenegger lokacin yana gwamnan Kalifoniya, sanya shi cikin lissafi ɓata lokaci ne, domin a Ostiriya aka haife shi.

Idan ɗaya daga cikin biyun shugaba ne mai ci, aikinka ya ragu sosai. Tun da aka koma wannan tsari na zamani a 1972, ba a taɓa ƙwace tikiti daga hannun shugaba mai ci a zaɓen fidda gwani ba. Ronald Reagan ne ya fi kowa matsowa kusa a 1976, amma a babban taron jam'iyya, inda daliget ke zaɓar ɗan takara, shugaba mai ci Gerald Ford ya sha da ƙuri'a 1,187, Reagan kuma 1,070. Joe Biden ma da ya bar takara a watan Yulin 2024, sai da ya lashe zaɓen fidda gwanin tukuna, daga baya ya janye da kansa. Don haka duk wanda ya ce maka wane zai kayar da shugaba mai ci, shi ke da alhakin kawo hujja mai ƙarfi.

Mataki na biyu: koyi yadda ake rabon daliget

A nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka, domin a nan ne yawancin masu hasashe suke tuntuɓe.

Ka fara da adadin da ake nema. A 2020 'yan Democrat suna da daliget 3,979 da ake samu ta hanyar zaɓe, mai neman tikiti yana bukatar 1,991. A 2024 'yan Republican suna da 2,429, ana bukatar 1,215. Adadin yana canzawa kowane zagaye, saboda haka ka nemi na shekarar da kake magana a kai, ko ka yi aiki da na zagayen da ya wuce a matsayin kimantawa.

Jam'iyyar Democrat doka ɗaya take bi a ko'ina: ana raba daliget gwargwadon ƙuri'ar da kowa ya samu, amma wanda bai kai kashi 15 cikin 100 ba, ba shi da ko ɗaya. A ce jiha tana da daliget 100, na farko ya samu kashi 45, na biyu 41, na uku 14. Na uku ya tashi a tutar babu. Sai a raba tsakanin biyun, na farko ya ɗauki 52, na biyu 48. Jaridu za su buga cewa wane ya lashe jiha kaza, alhali ratar da ya samu daliget huɗu ce kacal.

Abin ya fi haka zurfi. Yawancin daliget ɗin ba a matakin jiha ake raba su ba, a mazaɓun majalisar wakilai ake yi, kuma kowace mazaɓa da nata adadin. Mazaɓar da ke da daliget huɗu, ko ka ci ta da kashi 60, biyu-biyu za ku raba da abokin karawarka. Sai ka haura kashi 62.5 kafin ka ɗauki uku ka bar masa ɗaya. Mazaɓar da ke da biyar kuwa, kashi 51 ya ishe ka ka ɗauki uku. Wannan lissafi ne mutanen Barack Obama suka fi na Hillary Clinton ƙwarewa a kai a 2008. A ranar 5 ga Fabrairun shekarar, Clinton ta lashe New Jersey, babbar jiha mai daliget sama da ɗari, ta samu 59, Obama 48, wato ratar 11. A ranar dai Obama ya lashe Idaho, jihar da ba kowa ya damu da ita ba, ya samu 15, ita 3, ratar 12. Ƙaramar jiha ta shafe ribar babba har da ƙari. Abin da za ka riƙe shi ne, a ɓangaren Democrat girman rata ya fi yawan jihohin da aka lashe muhimmanci, kuma wanda aka ba tazara da wuri da wuya ya kamo.

Jam'iyyar Republican kuwa ta bar wa jihohi wuƙa da nama. Jihohin da ke zaɓe kafin 15 ga Maris galibi dole su raba gwargwado, daga ranar kuma jiha na iya cewa wanda ya zo na ɗaya ya kwashe duka. Wasu sukan raba gwargwado amma su ce duk wanda ya haura kashi 50 ya ɗauke komai, kamar yadda Kalifoniya ta yi da daliget 169 ɗinta a 2024. Wasu kuma mazaɓa-mazaɓa suke ba wanda ya zo na ɗaya. A 2016 Donald Trump ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un South Carolina, amma ya tafi da daliget 50 ɗin jihar gaba ɗaya. A Florida bai kai rabin ƙuri'u ba, ya kwashe 99. Da dokar Democrat aka bi da waɗannan ƙuri'u, da labarin shekarar ya ɗauki wani salo.

Sai batun manyan daliget na Democrat, wato gwamnoni da 'yan majalisa da jiga-jigan jam'iyya waɗanda ba a ɗaure su da sakamakon zaɓe ba. Tun 2018 an hana su yanke hukunci a zagayen farko na ƙuri'ar babban taro. Kada ka saka su cikin lissafinka sai idan kana ganin babu wanda zai kai rabi.

Mataki na uku: shimfiɗa jadawalin zaɓen

Ka jera jihohin bisa ranar da za su yi zaɓe. Shekaru da dama Iowa ce ke buɗe fili, sai New Hampshire, sai Nevada da South Carolina, sannan Babbar Talata a farkon Maris, ranar da jihohi goma sha wani abu ke zaɓe lokaci guda. Jihohin farko daliget ɗinsu kaɗan ne, amma su ke tace 'yan takara: wanda ya faɗi a can, masu ba da kuɗi sukan ɗauke hannu, 'yan jarida su juya masa baya. Rudy Giuliani, tsohon magajin garin New York, ya shafe kusan duk 2007 yana kan gaba a ƙuri'ar jin ra'ayi ta Republican. Ya yi sakaci da jihohin farko yana jiran Florida, kafin ranar ta zo an manta da shi. Ya zo na uku, washegari ya janye.

Jadawalin ba a kan dutse aka rubuta shi ba. A 2024 'yan Democrat sun ɗora South Carolina a gaba, New Hampshire kuma ta ƙi yarda ta yi nata zaɓen da wuri, tunda dokar jihar ce ta wajabta mata zama ta farko. Idan karawar da kake hasashe ta nan gaba ce, ka rubuta jadawalin da ka ɗauka a fili, domin idan ya canza hasashenka ma dole ya canza.

Tambayar da za ka yi wa kowane ɗan takara ita ce: ina ne zai fara cin nasara, kuma zai iya rayuwa har ya kai can?

Mataki na huɗu: gane su wa ke fita zaɓen

Masu zaɓen fidda gwani ba su ne al'ummar Amurka gaba ɗaya ba. Sun fi ƙaranci, sun fi manyanta, sun fi zafin aƙida. Ɗan takarar da 'yan ɗaya jam'iyyar ke yabo, sau da yawa wannan yabon ne ke cutar da shi a gida.

Ka duba kowace jiha: zaɓenta a buɗe yake ko a rufe? A New York da Florida sai mai rajistar jam'iyya ke jefa ƙuri'a. A New Hampshire 'yan ba-ruwanmu, wato waɗanda ba su yi rajista da kowace jam'iyya ba, na iya zaɓar jam'iyyar da za su shiga zaɓenta a ranar. A South Carolina ba a ma rajista da sunan jam'iyya. John McCain a 2000 ya lallasa George W. Bush a New Hampshire, ya kuma ci Michigan, da taimakon 'yan ba-ruwanmu. Da aka shiga jihohin da 'yan jam'iyya zalla ke magana sai tafiyarsa ta tsaya. Ka kuma lura da jihohin da ke zaɓen taro, inda mutane ke haɗuwa a makaranta ko majami'a da yamma su shafe sa'o'i. Mutane kaɗan ke jure wannan, saboda haka yana fifita mai magoya baya masu naci.

Daga nan ka kasa masu zaɓen rukuni-rukuni. A ɓangaren Democrat: baƙaƙen fata, 'yan asalin Latin Amurka, farare masu digiri, farare marasa digiri, matasa, dattawa. Baƙaƙen fata su ne sama da rabin masu zaɓen Democrat a South Carolina, kuma su ke da nauyi a jihohin kudu da yawa da ke zaɓe a Babbar Talata. Obama a 2008, Clinton a 2016, Biden a 2020, dukansu da wannan ƙuri'a suka haye. A ganina, duk hasashen Democrat da bai amsa tambayar wa dattawan baƙaƙen fata na kudu za su bi ba, bai fara ba tukuna. A ɓangaren Republican kuma akwai Kiristoci 'yan bishara, da ma'aikata marasa digiri, da mazauna unguwannin bayan gari masu hali. 'Yan bishara su ke juya Iowa, amma ka lura: Mike Huckabee a 2008, Rick Santorum a 2012 da Ted Cruz a 2016 duk sun ci Iowa, babu wanda ya samu tikiti a cikinsu.

Ga kowane rukuni ka rubuta kason da kake ganin kowane ɗan takara zai samu, da dalilinka a gefe. Dalilin ya zama abin da za a iya dubawa: yadda ya yi da wannan rukuni a zaɓen gwamna ko na sanata a jiharsa, ko a takarar da ya taɓa yi.

Mataki na biyar: kada ka manta da sauran 'yan takara

Tambayar takan zo kamar mutum biyu ne kaɗai a fili, alhali ba a fara zaɓen fidda gwani da mutum biyu sai nadiran. 'Yan Republican sun fara 2016 da manyan 'yan takara 17. Trump yana da nasa jama'a da ba sa motsi, sauran kuma suna ta yagar ƙuri'a ɗaya a tsakaninsu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya janye. Kafin fili ya ragu, ya riga ya yi nisa.

A 2020 an ga akasin haka. Biden ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, na biyu a Nevada, har an fara yi masa ta'aziyyar siyasa. Ɗan majalisa Jim Clyburn ya mara masa baya kwana uku kafin zaɓen South Carolina, ya ci jihar da gagarumin rinjaye ranar 29 ga Fabrairu. Cikin kwana biyu Pete Buttigieg da Amy Klobuchar suka janye suka bi shi, ranar 3 ga Maris ya lashe jihohi 10 cikin 14. Yawan magoya bayan babban abokin karawarsa, Bernie Sanders, bai ragu sosai ba. Waɗanda ba sa son sa ne suka haɗu wuri guda.

Saboda haka ka rubuta sunayen waɗanda ake ganin za su shiga, ka tambayi kanka: wannan ƙuri'ar wa yake ci? Idan ya janye, ina mutanensa za su nufa? Yaushe zai janye, kafin Babbar Talata ko bayanta? Ɗan takarar da ke da kashi 35 da ba ya gaba ba ya baya, sarki ne a fili mai mutum shida, amma idan aka rage saura biyu ya shiga uku.

Mataki na shida: yi hattara da ƙuri'ar jin ra'ayi

Ƙuri'ar jin ra'ayin da aka yi shekara biyu kafin zaɓe, abin da take aunawa shi ne sunan da mutane suka sani. Wanda bai shiga takara ba kuma kullum yana da kwarjini, domin ba a fara tona shi ba. A tsakiyar 1979 ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna Sanata Ted Kennedy ya ninka Shugaba Jimmy Carter a tsakanin 'yan Democrat. Wannan ita ce irin karawar da ake hasashe a teburin shayi, kuma kowa ya ba Kennedy. Sai aka yi hira da shi a talabijin aka tambaye shi dalilin da ya sa yake son zama shugaban ƙasa, ya yi ta kame-kame. A ranar 4 ga Nuwamba aka yi garkuwa da Amurkawa a ofishin jakadancinsu na Tehran, jama'a suka taru a bayan shugabansu. Kennedy ya ayyana takara kwana uku bayan haka, ya sha kaye mai zafi a Iowa, kuma duk da ya ci New York da Kalifoniya daga baya, tikitin ya tsaya a hannun Carter.

Idan za ka yi amfani da ƙuri'ar jin ra'ayi, ka duba abu huɗu. Wa aka tambaya, kowa da kowa ne ko masu niyyar fita zaɓen fidda gwani? Mutum nawa? Idan 1,000 ne kuskuren na iya kaiwa maki uku sama ko ƙasa, idan 400 ne maki biyar, don haka ratar maki huɗu a ƙaramin samfuri ba rata ba ce. Ta ƙasa baki ɗaya ce ko ta jiha? Ta jihohin farko ta fi amfani. Sannan mutum nawa ne suka ce ba su san ɗan takarar ba? Wanda rabin mutane ba su sani ba amma waɗanda suka san shi suna son sa, yana da filin girma. Wanda kowa ya sani kuma ya tsaya a kashi 30, wataƙila nan ne iyakarsa. Ko a jajibirin zaɓe ma ana shan mamaki: ƙuri'un jin ra'ayi sun ba Obama New Hampshire a 2008 Clinton ta ci, sun ba Clinton Michigan a 2016 da rata mai faɗi Sanders ya ci.

Mataki na bakwai: kuɗi da goyon bayan manya

Kuɗi yana sa mutum ya daɗe a fili, ba ya sayo masa tikiti. Ƙungiyar da ke tallafa wa Jeb Bush ta tara sama da dala miliyan 100, ya janye bayan South Carolina a 2016 da daliget huɗu. Michael Bloomberg ya kashe kusan dala biliyan ɗaya daga aljihunsa a 2020, yankin Samoa na Amurka kaɗai ya ci. Idan kana duba rahoton da 'yan takara ke miƙa wa hukumar zaɓe ta tarayya, ka fi mai da hankali ga abin da ya rage a asusu da yawan ƙananan masu ba da gudummawa, domin su ana iya komawa wurinsu sau da yawa, manyan kuwa doka ta ƙayyade abin da za su ba ɗan takara kai tsaye. Goyon bayan gwamnoni da sanatoci ya fi tasiri idan sun haɗu a kan mutum ɗaya da wuri. Na mutum guda mai faɗa a ji a jiharsa, a lokacin da ya dace, ya fi sunaye hamsin a takarda.

Mataki na takwas: yi lissafin, ka faɗi amsar da sharaɗinta

Yanzu ka ja layi huɗu a takarda: sunan jiha, yawan daliget, dokar rabo, sai kason kowane ɗan takara bisa rukunonin da ka kasa a mataki na huɗu. Ba sai ka bi jihohi 50 ɗaya bayan ɗaya ba. Ka haɗa masu kama da juna: na kudu, na tsakiyar yamma masu masana'antu, na gaɓar yamma, na arewa maso gabas, na tsaunuka. Kalifoniya, Texas, Florida da New York kuwa kowace ka ba ta layinta. Ka tara jimilla a tashoshi uku: bayan jihohin farko, bayan Babbar Talata, da ƙarshen Maris.

A kowace tasha ka auna abin da na baya ke bukata. A ce an ba shi tazarar daliget 150, saura 1,000 a rabo, a ƙarƙashin dokar Democrat. Sai ya ɗauki 575 kafin su yi kunnen doki, wato kashi 57.5 na duk abin da ya rage, jiha bayan jiha ba fashi. Mutumin da tun farko bai wuce kashi 48 ba, wannan ya fi ƙarfinsa. A dokar Republican tazarar 150 na iya gushewa da jihohi biyu masu kwashe-duka, don haka sai ka duba a hannun wa waɗannan jihohin suke.

Ka yi lissafin sau uku: sau ɗaya fili a cike har Babbar Talata, sau ɗaya an rage saura mutum biyu da wuri, sau ɗaya kuma ɗan takarar da kake ganin zai ci ya faɗi a jihar farko. Idan ya ci a duka ukun, kana iya ba shi takwas cikin goma. Idan a biyu ya ci, shida cikin goma ya isa. Idan zaɓen saura shekara biyu ko fiye, ka rage wa duka biyun kaso ka ware wa wani na uku da ba a ambata ba, domin a farkon 1975 ba kowa ne ya san Jimmy Carter a wajen jiharsa ta Georgia ba.

Sai ka rubuta amsar a jimla ɗaya mai ɗauke da sharaɗi, misali: gwamnan zai ci shida cikin goma idan fili ya ragu kafin Babbar Talata, sanatan kuma zai ci idan mutum huɗu suka kai Maris. A ƙarƙashinta ka sa kwanan wata, da abubuwa uku da idan suka faru za ka sake lissafin daga farko: canjin jadawali, shigowar wani babban ɗan takara mai cin ƙuri'ar ɗayansu, da sakamakon jihar farko da 'yan jam'iyya zalla suka yi zaɓe.